ZARE: Yadda aka yi ta fama da shigar da makaɗan baka ɗakin naɗar waƙa, daga faifan garmaho zuwa Zoo Road

1/
Watan jiya na ɗauko wani tsohon makaɗin noma daga wani ƙauye a ƙasarmu ta Dawakin Kudu, shi da mutanensa biyar, na kai su situdiyo a Kano. Awa uku muka biya. Awa biyu ta shuɗe ba mu samu ko waƙa ɗaya ba. Mutumin da kan raba dare yana waƙa bai maimaita baiti ba. 🧵

2/
Abin ya tsaya min a rai, har na koma na yi ta bincike: to su Shata ya suka yi? Su da ba sa rubutawa, ya aka yi aka kama muryarsu a faifai? Ashe rigimar nan ta kusa shekara 100. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

3/
Bari in fara da tsohon, za mu ce masa Baba kawai. Aminin kakana ne. Gangar noma yake kaɗawa, yaransa na bin sa da kazagi da amshi. A da idan an kira gayya, shi ke bayan manoma yana zuga su kunya-kunya, yana kiran kowa da sunan ubansa da kirarin gidansu.

4/
Sai aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, ruwa ya biyo kwalbatoci ya shigo Kadawa, Kura, Bunkure, Garun Malam. Noman rani ya kankama: alkama, shinkafa, tumatir. Alheri ne babba, babu mai musu. Amma noma ya koma na ƙwadago da injin, ga maganin feshi ya rage noman ciyawa. Gayya ta yi ta ja baya.

5/
Wanda ka ɗauka aikin yini ka biya shi, ba ka ɗauko masa makaɗi. Yau ƙaramin cikin 'yan amshin Baba ya haura shekara 50. Ɗansa na cikinsa yana harkar tumatir a Kwanar Gafan, ko makaɗin ganga bai iya riƙewa ba. Abin da ya sa na matsa a naɗa ke nan.

6/
To mu koma baya.
Tsakanin 1927 da 1929 kamfanin Zonophone ya naɗi waƙoƙin 'yan Afirka ta Yamma a Landan, don a kawo faya-fayen a sayar a nan. Cikin harsunan da aka naɗa har da Hausa, tare da Yarbanci, Fanti, Wolof da sauransu. Tun a nan matsala ta farko ta bayyana: lokaci.

7/
Faifan garmaho mai juyi 78 a minti, mai faɗin inci 10, kusan minti 3 kawai yake ɗauka a kowane gefe. Kuma kai tsaye allura ke zana sautin a jikin kakin. Ba a yankewa, ba a liƙawa. Ka yi tari a minti na biyu, an yi asarar kaki, a sake daga farko.

8/
Yanzu ka ɗauki mawaƙin Hausa. Minti 3 ai ko gaisuwa bai gama ba. Ya buɗe da sunan Allah, ya dasa gindin waƙar, 'yan amshi su kama, ganga ta zauna daidai. Lokacin da jikinsa ya fara ɗaukar zafi shi ne lokacin da Bature zai ɗaga hannu ya ce an gama.

9/
A nan ya kamata mu raba makaɗan gida biyu, don shirinsu ba iri ɗaya ba ne. Duk wanda ya yi darasin waƙar baka ya ci karo da littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, ya san kalmomin: jagora, 'yan amshi, gindin waƙa, ɗiyan waƙa, ƙari, tarbe.

10/
Gida na farko, makaɗan fada irin su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, masu kotso. Su waƙa a gida ake ƙera ta. A zauna da 'yan amshi a yi ta bita, a gyara, kafin a kai gaban sarki. Saurari Ɗanƙwairo da kyau: zai fara magana, yaransa su tarbe ta su ƙarasa masa. Wannan sai da bita, ba a yin sa da ka.

11/
Irin waɗannan idan ka kai su ɗakin naɗa, sun zo da kayansu a ɗaure. Abin da za a yi ciniki a kai kawai shi ne: wane ɗa za a bari, wanne za a zubar don lokaci ya isa. (Kuma ka zubar da ɗan da aka ambaci wani hakimi a ciki, ka jawo wa makaɗi magana. Wannan ma siyasa ce mai zaman kanta.)

12/
Gida na biyu shi ne na Alhaji Mamman Shata. An haife shi a Musawa a 1923, ya rasu a 1999. Abin da aka san shi da shi: nan take yake ƙirƙira. Yana tsaye, kalangai na tafiya, yana duban jama'a yana ɗora magana. Shi da kansa bai ƙididdige yawan waƙoƙinsa ba.

13/
Na daɗe ina tunanin ya ake haka, sai da na lura da aikin 'yan amshinsa. Su ba sa ƙarasa masa magana kamar na Ɗanƙwairo. Gindin kawai suke maimaitawa. Wannan 'yar tazarar da suke amshi, a cikinta yake numfashi, a cikinta yake gina ɗa na gaba.

14/
Ma'ana abin da ƙungiyar ta haddace ɗan kaɗan ne: gindi, da kiɗan da ya hau shi, da sanin lokacin da maigida zai shigo da lokacin da zai saki. Sauran duk fili ne aka bar masa. Shi ya sa za ka ji Bakandamiya a ɗauka daban-daban, kowacce da abin da babu a 'yar'uwarta.

15/
Sannan kalangu ba rakiya kawai yake yi ba. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da sauka, kuma makaɗi na matse tsarkiyar a hammata yana sakinta don ganga ta bi wannan hawa da saukar. Wato ganga ce ke bin bakin mawaƙi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

16/
Matsala ta biyu: makirufo ɗaya, mutum takwas.
Kalangu an yi shi ne don a ji shi daga wata unguwa. Ka sa shi a ɗaki kusa da makirufo, ya cinye muryar kowa. Maganin da masu naɗa na da suke da shi shi ne tazara: jagora a gaba, 'yan amshi a bayansa, masu ganga can jikin bango.

17/
Shi ya sa a wasu tsoffin faya-fayen za ka ji muryar jagora tamkar a kunnenka, kiɗa kuma kamar daga maƙota. Da ƙafa ake haɗa sauti a lokacin: matso, ja baya, juya gefe.

18/
Wanda ɗakin naɗa ya fi yi wa sauƙi a ganina shi ne Ɗanmaraya Jos. Mutum ɗaya, kuntigi ɗaya, tsarkiya ɗaya a jikin gwangwani. Ba ɗan amshi, ba ganga. Shi ne jagora, shi ne makaɗi. Ka ajiye masa makirufo ka koma gefe, shi ke nan.

19/
Sai rediyo. Kano ta samu rediyo mai waya tun 1944, irin wadda ake jan waya zuwa akwatin lasifika. Amma babban sauyi shi ne 1962, da gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI.

20/
A lokacin tef ya riga ya zo. Tef na ɗaukar dogon lokaci, ana goge shi, ana yanka shi da reza a liƙa. Ƙangin minti 3 ya faɗi. Makaɗa daga Sakkwato, Katsina, Kano, Zazzau suka riƙa zuwa Kaduna ana naɗarsu, manomi a Bunkure ya ji makaɗin Maradun bai taɓa taka Zamfara ba.

21/
Sai dai tef ɗin da ake iya gogewa, ana goge shi ɗin. Tsada gare shi. Ko BBC ta goge ɗimbin shirye-shiryenta na shekarun 1960 da 1970 don ta sake amfani da tef. Duk lokacin da na tuna wannan sai gabana ya faɗi game da namu.

22/
A 1963 zuwa 1964 wani Ba'amurke, David Ames, ya zauna a ƙasar Zazzau da na'urarsa. Shi bai kira makaɗa ɗaki ba, shi ya bi su: fada, kasuwa, gidan biki. Daga baya shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Har yau ana komawa gare shi.

23/
Dabarar Ames ta taɓo matsala ta uku, wadda ta fi sauran girma: jama'a.
Mawaƙin da ke ƙirƙira nan take, kayan aikinsa mutanen da ke gabansa ne. Wane ya shigo, ɗan wane ne, me ya bayar, wa ya yi rowa. Ga sanƙira a gefe yana jefo masa suna da asali. Ka cire duk wannan, me ka bar masa? Bango da soso.

24/
EMI ta fitar da faya-fayen Shata, manya masu ɗaukar kusan minti 20 a gefe ɗaya, kuma suna da tsabtar sauti. Amma ni dai, ra'ayina ne, Shatan da ya fi kama ni shi ne na wurin taro, inda ake jin guɗa da hayaniya da muryar sanƙira na ratsowa. A nan za ka ji yana wasa da mutane.

25/
Kuma abin da ya adana mana wannan shi ne kaset. Philips ya fito da shi a 1963, zuwa shekarun 1970 rikoda ta cika gari, alhazai na dawowa da ita daga Makka. Duk mai rikoda da batir ya zama mai naɗa. A ajiye ta kan tabarma gaban makaɗi, a danna jan maɓalli, sai kaset ya ƙare a juya.

26/
Kaset ya yi wa tarihi rana, ya yi wa aljihun makaɗa illa. Kowa na kwafa yana sayarwa a kasuwa, mai waƙar ko sisi. Su dai abin da suka samu shi ne suna, sunan kuma ya kawo gayyata da kyauta.

27/
Kafin wani ya ce wannan matsalar ta mutanen da ba su yi boko ba ce, mu leƙa waje. A 1959 Miles Davis ya shiga situdiyo a New York da ƙungiyarsa, suka naɗi Kind of Blue a zama biyu kacal. Bai ba su cikakkiyar waƙa ba, 'yan zane-zane ya kawo na inda za a bi, ya bar kowa ya ƙirƙira a kai.

28/
Ka ga wannan ai gindi da amshi ne da wani suna. A tsayar da ƙashi, a bar tsoka ta zo a wurin.

29/
Fela kuma a Legas ta wata hanya ya bi. Sabuwar waƙa sai ya yi ta kaɗa ta gaban jama'a a Shrine har ta nuna, sannan ya shiga da ƙungiyar a naɗa. Da ta fita a faifai kuma ya daina yin ta a dandali. Shi jama'a ne suka yi masa bitar.

30/
Yanzu mu dawo Kano. Turmin Danya ya fito a 1990, harkar fim ta tashi, fim kuma yana son waƙa. Situdiyo irin ta Iyan-Tama suka shigo da fiyanon Yamaha. Zuwa fim ɗin Sangaya a 1999, an ji fiyano na kwaikwayon kayan kiɗanmu, kasuwa ta karɓa hannu bibbiyu. Daga baya kwamfuta ta karɓi aikin.

31/
Ba na cikin masu zagin waƙar fiyano, da ita na tashi, tana wayata yanzu haka. Amma a lura da abin da ya juya: yanzu kiɗa ake fara haɗawa, a daidaita saurinsa a kwamfuta, sannan mawaƙi ya shiga shi kaɗai ya hau kai. Baiti-baiti, a tsaya, a gyara, a ci gaba.

32/
Kun tuna na ce ganga ce ke bin bakin mawaƙi? To a nan baki ne ke bin ganga. Duk ɗakunan da kayan da horon masu haɗa sautinmu a kan wannan tsarin aka gina su. Cikin wannan na jefa Baba, ban yi tunani ba.

33/
Mun baro gida da asuba, gangunan a bayan mota, raɓa ta sauka a kansu. Muna isa fata ta saki, sai da aka shanya su a rana bakin titi kusan rabin awa, agogo na tafiya. Laifina ne wannan, da na tambaya da an gaya min.

34/
Mai haɗa sautin, matashi ne mai ladabi, ya yi abin da ya saba. Ya ce a fara ɗaukar ganga ita kaɗai, ya sa wa mai kazagi abin ji a kunne da ɗan ƙas-ƙas ɗin nan na kwamfuta don ya bi. Dattijo ya kaɗa kaɗan ya cire ya ce wani abu na yi masa tsiwa a kunne.

35/
Aka shigar da Baba ɗan ƙaramin ɗakin shi kaɗai, gilashi tsakaninmu. Ya dasa gindi, ya jira amshi, shiru, mutanensa na waje suna kallonsa kamar kifi a kwalba. Ya sake. A karo na uku aka tsayar da shi a tsakiya wai ya matso kusa da makirufo.

36/
Ya fito ya zauna ya ce min: "Ɗan nan, wa zan yi wa? Ni ban taɓa yi wa bango waƙa ba. Ko gonar da ba kowa, akwai kunya a gabana."
Kunyar gona yake nufi. Ni kuwa ɗayar ce ta kama ni.

37/
Wanda ya cece mu shi ne mafi tsufa cikin 'yan amshin. Ya ce a fito da kowa babban ɗakin. Aka kashe ƙas-ƙas, aka ajiye abin kunne. Baba a tsakiya, 'yan amshi a kafaɗarsa inda suke ganin bakinsa, ganguna can kusurwa an jingina katifa a gabansu. Tsarin 1960 sak, mun sake gano shi da kuɗinmu.

38/
Sannan muka shigo da mutane. Direbanmu, mai shayin ƙofar wurin, wasu samari biyu da ke jiran layinsu. Baba ya dubi mai haɗa sautin ya ce: "Yaro, ɗan wane gari ne kai? Wa ye mahaifinka? Yana noma?" Ya faɗa masa. Baba ya gyaɗa kai, ya ɗaga makaɗi.

39/
Jama'a, cikin minti biyu yaron nan ya ji sunan ubansa da garinsu a cikin waƙa, an haɗa shi da garma da damina. Ya bar kujerarsa ya zo ya liƙa wa Baba naira 500. Na ce masa don Allah koma ka duba na'ura. Ya ce tana tafiya, ba zai ƙara taɓa ta ba.

40/
Abu uku kawai muka yi yarjejeniya kafin kowace waƙa: wane gindi, wa zai fara, da alamar tsayawa (Baba zai sauke kafaɗa, ganga ta rufe). Ba a tsayar da shi ko an yi kuskure. Akwai inda mai shayi ya yi dariya, akwai inda ƙarar janareta ta shigo. Mun bar su.

41/
A minti 50 da suka rage mun samu waƙa huɗu. Ɗaya ta kai minti 19, a cikinta ya jero manoman ƙauyensu da suka rasu, gida-gida, har da kakana. Ban san sunan da ake kiran kakana da shi a gona ba sai ranar. Na tura wa mahaifiyata, ta kira ni ba ta iya magana ba.

42/
Mai haɗa sautin ya so ya ɗora fiyano a ƙasa ya gyara muryar da kwamfuta. Ya gwada, ta ƙi zama, don saurin kiɗan na ƙaruwa duk lokacin da Baba ya ɗau zafi, ba ya tsayawa a layin kwamfuta. Shi da kansa ya cire.

43/
Na biya Baba da mutanensa, na sa masa waƙoƙin a memori, kuma mun yi magana a gaban ɗansa cewa ba zan saka su ko'ina ba sai da izininsa. Don haka masu cewa in ɗora, ku yi haƙuri tukuna. Na riga na faɗi abin da kaset ya yi wa na gabansa.

44/
Ya ce waɗannan huɗun ma ba su ne na gaske ba, na gaske sai a gona. Mun sa rana bayan an yanke shinkafa, a gonar wani kawuna ta wajen Kura. Za mu ari makirufo biyu, a kashe injin ban ruwa na awa ɗaya, a kira 'yan gayya ko mutum goma ne.

45/
Roƙona: duk wanda ke da tsohon kaset na kiɗan noma daga Dawakin Kudu, Kura, Bunkure ko Rano, ko a buhu yake a ɗakin kaka, ya yi min magana. Ina da rikodar da ke juyawa zuwa kwamfuta, zan kwafa in dawo maka da abinka. Kada dai a saka shi a tsohuwar rikoda a gwada, tana iya cinye zaren.